Wutsiyar Karin Magana: Juriya a Bakin Sinawa da Japanawa

 

An nemi in yi magana a kan kalmomi da karin maganar Sinawa da Japanawa da suka shafi juriya da ƙin sarewa. Kaya ne masu kasuwa a zamanin nan. Ana manna su a bangon wuraren koyon kareti, masu lacca ta ƙarfafa gwiwa kuma ba sa rabo da su. Zan kawo su, amma da sharaɗi guda. Yawancin karin maganar Sinawa labari ne aka dunƙule cikin gaɓa huɗu, suna kiran irinsa chengyu, kuma ba a dunƙule labari sai an yanke masa wutsiya. Wutsiyar nake so mu duba yau.

Mu fara da baki. Idan Basine zai yabi mutum da juriya, cewa yake yi mutumin ya iya chi ku, wato cin ɗaci. A wurinsu wahala abar haɗiya ce. Babban gwanin cin ɗaci a tarihinsu kuwa shi ne Goujian, sarkin ƙasar Yue. A shekara ta 494 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, Fuchai sarkin Wu ya ci shi da yaƙi. An ce Goujian ya yi shekara uku yana bauta a fadar abokin gabarsa kafin a sake shi. Da ya koma gida sai ya rataye maɗaciya a inda yake zama, ba ya ci ba ya sha sai ya lasa, don kada daɗin sarauta ya mantar da shi wulaƙancin da ya gani. Sima Qian, uban masu tarihin Sin, ya rubuta wannan. Marubutan baya suka ƙara da kwanciya a kan ƙirare, aka sami karin maganar wo xin chang dan: kwana kan ƙirare, lasar maɗaciya. A shekara ta 473 Goujian ya murƙushe Wu, Fuchai ya kashe kansa. Shekara ashirin da ɗaya ke nan yana dafa abu guda a ciki.

Nan ake tsayawa idan ana koya wa yara. To, ga abin da ya biyo baya. Manyan fadawa biyu ne suka ɗauki wahalar nan tare da shi, Fan Li da Wen Zhong. Ana gama murnar nasara Fan Li ya sulale ya bar ƙasar, ya aiko wa abokinsa saƙo cewa wannan sarki ana iya tarayya da shi a wuya, amma ba a daɗi ba. Wen Zhong bai tafi ba. Ba a jima ba sarki ya aika masa da takobi, kowa kuma ya san ma'anar wannan aike. Fan Li ya zama attajirin da Sinawa ke buga misali da shi har gobe. Daga wannan wutsiya aka sami wani chengyu, tu si gou peng: zomo ya mutu, sai a dafa karen farauta. Labari ɗaya, karin magana biyu, amma ɗaya kaɗai ake rubutawa a bango.

Abin mamaki, wannan magana ta Sinawa ta fi yin aiki a hannun waɗanda suka ci Sin da yaƙi. Japanawa sun aro rubutun Sinawa tun da daɗewa, haruffan nan huɗu su kuma suna karanta su gashin shotan. A 1895 Japan ta doke Sin, yarjejeniyar Shimonoseki ta ba ta zirin ƙasar Liaodong. Ko sati ba a cika ba Rasha da Jamus da Faransa suka haɗa baki suka ce ta mayar. Ba ta da ƙarfin ja da su, ta mayar. Bayan shekara uku Rasha ta karɓi hayar tashar jiragen ruwan da ke bakin wannan ziri, ta girke sojojinta. Jaridun Japan suka ɗauki gashin shotan suka mai da shi taken ƙasa. Aka ƙara haraji, aka sayi jiragen yaƙi, talaka ya ɗaure ciki shekara goma. A yaƙin 1904 zuwa 1905 Japan ta kayar da Rasha, duniya ta girgiza. Amma da aka yi sulhu a Portsmouth ta Amurka, Rasha ba ta biya diyyar ko sisi ba. A watan Satumba na 1905 mutanen Tokyo, waɗanda suka ba da 'ya'yansu da kuɗinsu, suka fito daga dandalin Hibiya suna ƙone rumfunan 'yan sanda, har sai da aka kafa dokar soja. Su ne suka lashi maɗaciyar, kuma sun zo neman rabonsu.

Labari na biyu na fi son sa, don akwai raha a ciki. Yana cikin tsohon littafin Liezi. Wani dattijo da ya kusa shekara casa'in, ana ce masa Yu Gong, wato Tsoho Wawa, duwatsu biyu ne suka tare masa ƙofar gida, Taihang da Wangwu. Ya tara iyalinsa suka shiga fasa su suna kwashewa a kwanduna. Wani da ake kira Tsoho Mai Wayo ya yi masa dariya. Amsar da ya bayar ita ce in ya mutu akwai 'ya'ya, bayansu jikoki, zuriya ba ta ƙarewa, dutse kuwa ba ya ƙaruwa. Hujja mai kyau. Sai dai a cikin labarin ba kwandunan ne suka kawar da duwatsun ba. Sarkin sama ne ya ji tausayinsa, ya turo ƙarfafa biyu suka goya su suka kai wani wuri.

Mao Zedong ya san da wannan wutsiya, bai ɓoye ta ba, sai dai ya juya ta. A jawabinsa na rufe babban taron jam'iyya a Yan'an, a watan Yuni na 1945, ya ce duwatsun su ne mulkin mallaka da mulkin masu gonaki, sarkin saman da za a taɓa zuciyarsa kuwa su ne talakawan Sin. Ya kamata mu yi adalci a nan. Manoman Linxian a lardin Henan sun fara haƙa hanyar ruwa a jikin wannan dutse na Taihang a 1960, da guduma da kurfi, suna reto a jikin igiya, suka kammala a 1969. Mutum 81 suka rasu a aikin, ruwan kuma yana gudana har yau. Amma a daidai shekarun da aka fara haƙar, irin wannan imani cewa niyya tana maganin komai ya sa aka tura manoma narka ƙarfe a bayan gida, jami'ai suna aika wa sama da alƙaluman girbin ƙarya, yunwa ta kashe miliyoyin mutane tsakanin 1959 da 1961. A ganina bambancin a fili yake: a Linxian an auna gangaren ƙasa kafin a ɗaga guduma.

Mu haye teku. Karin maganar Japanawa da ta fi yawo a duniya ita ce nana korobi ya oki, faɗuwa bakwai tashi takwas. Kada ɗaliban lissafi su tare ni, na san wanda ya faɗi sau bakwai sau bakwai zai tashi. Wasu na cewa an haɗa da miƙewar farko ta ƙuruciya. Alamarta wani jan ɗan mutum-mutumi ne mai nauyin gindi, daruma, ko ka ture shi sai ya dawo zaune. Garin Takasaki ne cibiyar yin sa. Ana sayar da shi da fararen idanu, mai buri ya zana ido ɗaya, sai buƙata ta biya ya zana ɗayan, shi ya sa 'yan takara ke ajiye ƙato a ofishin kamfe. Siffar Bodhidharma ce, malamin addinin Buddha da aka ce ya shekara tara yana zaune yana fuskantar bango. Ku tambayi abin da ya sa daruma ba shi da hannu ba shi da ƙafa. Almara ta ce zaman ne ya cinye su.

Suna kuma cewa ishi no ue ni mo san nen: ko dutse ne, ka shekara uku a kansa zai yi ɗumi. Mu ma mun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, amma tamu ba ta yanka wa'adi ba. Tasu ta yanka, kuma ita ake karanta wa sabon ma'aikaci don kada ya ajiye aiki kafin shekara uku, ko da shugabansa azzalumi ne. Kalmar gaman, wato danne zuciya a jure ba tare da ƙorafi ba, ita ma da ƙura a gindinta, domin a asalinta cikin koyarwar Buddha sunan aibi ce, girman kai take nufi. Ita ce kalmar da Japanawa mazauna Amurka, kimanin mutum 120,000, suka riƙe lokacin da aka tsare su a sansanoni daga 1942.

Sai ganbaru, dagewa, wadda ake jifan ɗalibi da ɗan wasa da maras lafiya da ita: ganbatte! Takwararta a Sin ita ce jiayou, ƙara mai. Bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995, da kuma ambaliyar teku ta Maris 2011, ganbaro aka riƙa rubutawa ko'ina. Ku lura da wannan ƙarshen, ma'anarsa mu dage, har da mai faɗa a ciki. Duk da haka, sanannen abu ne a Japan cewa likitoci na gargaɗin kada a ce wa mai ciwon damuwa ya dage, don ya riga ya kai iyakarsa.

Inda maganar ta yi muni shi ne hannun soja. Hafsoshin Japan sun yi imani cewa seishin, ƙarfin ruhi, zai cike giɓin abinci da harsashi. A Maris 1944 Janar Mutaguchi Renya ya tura dakaru daga Boma su ƙetare duwatsu su kama Imphal a Indiya, da guzurin 'yan makonni, bisa lissafin za su ci na abokan gaba. Ba su kama garin ba. Damina ta sauka, fiye da mutum 50,000 suka mutu ko suka jikkata, da yawansu yunwa da cuta ne suka kayar da su, har waɗanda suka tsira suka sa wa hanyar komawa suna hanyar ƙasusuwa. Wannan fage ba baƙo ba ne a gare mu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yaƙi Japanawa a Boma, cikinsu da 'yan Arewa masu yawa, kuma wataƙila a zauren nan akwai jikan ɗan Boma.

Cikin waɗanda suka tsira daga Imphal akwai Daimatsu Hirobumi. Bayan yaƙi ya zama mai horar da 'yan matan wata masaƙa a Kaizuka wasan ƙwallon raga. Su yi aiki da rana, su yi atisaye har tsakar dare, ana kiran sa Aljani. A gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 suka doke Tarayyar Sobiyet suka ɗauki zinare, kalmar konjo, wato taurin rai, ta cika gari. A wannan gasa dai Tsuburaya Kokichi ya shigo fili yana na biyu a gudun yada ƙanin wani, bayan Abebe Bikila na Habasha, sai wani Baturen Ingila ya wuce shi a gaban jama'arsa, ya ƙare na uku. Ya ɗauki alkawarin gyara wannan a gasa ta gaba. Ciwon baya ya hana. A Janairun 1968, yana da shekara 27, ya kashe kansa, ya bar wasiƙa yana gode wa danginsa ɗaya bayan ɗaya saboda abincin da suka ciyar da shi, yana cewa ya gaji, ba zai iya ƙara gudu ba.

Harshen da ya ƙirƙiro konjo shi ya ƙirƙiro karoshi, mutuwa saboda yawan aiki. A Disamban 2015 wata ma'aikaciyar kamfanin tallace-tallace na Dentsu, 'yar shekara 24, ta kashe kanta bayan ƙarin lokacin aikinta ya haura awa 100 a wata. Shugaban kamfanin ya sauka, a 2018 kuma majalisa ta sa wa ƙarin lokaci iyaka a doka. A Sin, kamfanonin fasaha suka fito da tsarin 996, ƙarfe tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako. Jack Ma na Alibaba ya kira shi alheri a 2019. A 2021 kotun ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa wa doka.

Kada ku fita da tunanin cewa mutanen nan ba su san ja da baya ba. Sun sani, ba a dai fitar da wannan kashin zuwa ƙasashen waje ne. Sinawa na cewa muddin koren dutse na nan, ba a fargabar rasa itacen girki, wato tsira da rai ya fi. Cikin dabarun yaƙinsu talatin da shida, ta ƙarshe ita ce gudu. Japanawa na cewa nigeru ga kachi, gudu ma nasara ce. Waɗannan su ne maganganun masu halin Fan Li, kuma matasan yau sun ƙara nasu. A 2021 wani tsohon ma'aikacin masana'anta ya bayyana a intanet yadda ya bar aiki yake rayuwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya kira abin tang ping, kwanciya miƙe. Kalmar ta bazu kamar wutar daji, aka shiga goge ta daga shafuka, jaridun gwamnati suka ce abin kunya ne. A shekarar da ta biyo baya, bayan babban taron jam'iyya, Shugaba Xi Jinping ya jagoranci manyan muƙarrabansa zuwa Yan'an, daga nan ya wuce hanyar ruwan nan ta Linxian, inda ya ja hankalin matasa su koyi cin ɗaci.

Shugaban zama yana duban agogo. A nan zan dakata, a buɗe fagen tambayoyi.