GIDAN WADA: GIDAN MANOMA DA GAYYA KE RIƘE DA SHI

Jawabin wannan wata a kan wani tsohon gidan manoma ne da ke ƙauyen Ogimachi, a yankin Shirakawa, cikin duwatsun ƙasar Japan. Ana kiransa Gidan Wada. Wadan nan dai ba Bahaushe ba ne, sunan zuriyar da ta daɗe tana riƙe da dagacin ƙauyen ke nan.

Gidan na katako ne, rufinsa kuwa na ciyawa, mai kauri da tsini, kamar an haɗa tafin hannu biyu. An yi shi haka ne saboda ƙanƙarar da ke zuba a wurin lokacin sanyi, don ta riƙa zamewa ƙasa, kada nauyinta ya danne gida. Babu ƙusa a jikin rufin. Da igiya da ɗanyun rassa ake ɗaure itatuwan, shi ya sa in iska ta taso sai rufin ya ɗan rausaya, bai karye ba.

Babu inda aka bari a banza. A da, a saman bene ake kiwon tsutsar siliki, a ƙarƙashin daɓe kuma ana haɗa sinadarin albarushi, da su ne gidan ya yi arziki. Hayaƙin murhu da ke tsakiyar ɗaki shi ke busar da ciyawa, ya kori ƙwari.

To, amma ciyawa ba ta dawwama. Bayan shekaru kamar talatin sai an sake baibaya, kuma aikin ya fi ƙarfin mutanen gida ɗaya. Sai a kira gayya, wadda su suke kira "yui". Mutum ɗari ko fiye sukan taru, wasu na miƙa dami, wasu na ɗauri, wasu na girki. Wanda aka yi wa bana, shi ma zai je wa wani in nasa ya zo.

Da aka gina madatsar ruwa ta Miboro, wadda aka gama a 1961, ruwa ya cinye gidaje da dama a wannan kwari, wasu kuma aka sayar aka kwashe. Ganin haka, a 1971 mutanen Ogimachi suka kafa ƙungiya, suka yi alkawari uku: ba sayarwa, ba ba da haya, ba rushewa. Tun kafin duniya ta waiwaye su ke nan. Sai a 1995 hukumar UNESCO ta sa ƙauyen cikin wuraren tarihi na duniya, gwamnatin Japan ma ta sa Gidan Wada cikin dukiyar al'ada da doka ke karewa.

Yau damuwarsu biyu ce. Samari na tafiya birni, hannun gayya na raguwa, har wasu rufin sai an ɗauko 'yan kwangila. Ga kuma tsoron gobara. Don haka ake zagayen gargaɗi a ƙauyen kullum, kuma duk shekara sai an gwada bututan feshin ruwa da aka kakkafa tsakanin gidaje.