Kowane Yaro da Allonsa: Lacca a kan Dabarun Koyarwa a Cikin Aji



An nemi in yi magana a kan dabarun koyarwa, wanda kuwa fage ne mai faɗi ƙwarai, wanda in aka ce sai an zagaye shi duka, to la'asar za ta riske mu ba mu kai rabi ba. Saboda haka na zaɓi mas'ala guda, wadda a ganina ita ce uwar sauran, wato yadda malami, yana tsaye gaban yara saba'in ko tamanin, zai iya bambance wanda ya gane da wanda bakinsa kawai yake motsi.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan tagar aji biyu da hantsi ya san sautin da nake nufi. Malam ya rubuta jimla a allo, a ce "Audu ya tafi kasuwa", ya ɗora tsinken bulala a kan kalmar farko ya karanta, yara suka amsa baki ɗaya har kwanon rufi yana girgiza, ya ce "A sake!", suka sake, ya ce "Da ƙarfi!", suka ƙara; bayan an yi haka sau biyar ko shida ya juyo ya ce "Kun gane?", aji ya ɗauka da "Mun gane!", shi ke nan aka goge allo aka shiga lissafi. To, amma da malamin nan zai taka zuwa layin baya, ya kira yarinya guda, ya tsallake kalmomin farko ya ɗora yatsa a kan ta ƙarshe ya ce "Wannan fa?", sau da yawa abin da zai ji shi ne "Audu", domin kunnenta ne ya haddace jimlar, idonta kuwa bai san inda wata kalma ta ƙare wata ta soma ba. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce, abin da aka nema daga gare ta shi ta bayar. Kuma za ta iya kaiwa aji shida a cikin wannan hali, tana amshi tare da jama'a, ba wanda ya taɓa jin muryarta ita kaɗai.

Akwai masu cewa wannan ɗabi'a daga makarantar allo muka gado ta. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma ina roƙon ku ku tuna tsangayar da kuka sani. Hayaniyarta gaskiya ce, amma in kun kasa kunne sosai za ku ji cewa ba abu guda ake karantawa ba: wannan yana kan babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na gefensa ya fara haɗa baƙi da wasali, wani kuma har an sake masa alƙalami yana rubuta allonsa da kansa. Kowane yaro yana inda ƙarfinsa ya kai shi, kuma ba ya wanke allo sai ya zo ya durƙusa gaban malam ya biya shi kaɗai, malam ya saurara, ya gyara inda harshe ya karkace, sannan ya ce a wanke ko a koma. Malam ɗaya ba zai iya sauraron kowa ba, shi ya sa gardawa suke biya wa ƙolaye, su ma karatunsu yana ƙara zama. Ba ina wanke tsangaya daga aibobinta ba ne, dorina tana nan, bara tana nan, kuma yaro yakan yi shekaru yana karanta abin da ba a fassara masa ba. Amma a kan wannan mas'ala guda, ta sanin inda kowane almajiri yake, alarammomi sun riƙe wata ƙa'ida da mu 'yan boko muka saki.

Yadda muka sake ta kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai, tsarin da ya shigo shi ne na aji da ƙararrawa da manhaja, inda shekara ce take ciyar da yaro gaba. Muddin yara kaɗan ne, malami yakan san kowa da sunan ubansa, illar ba ta bayyana ba. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976, yara suka kwararo fiye da yadda aka yi ƙiyasi, aka ɗebi malamai cikin gaggawa, har aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar domin a ɗaga darajar waɗanda ba su sami cikakken horo ba, sai amshi ya zama mafakar malamin da jama'a ta fi ƙarfinsa.

Magabata ma sun yi kuka da irin wannan. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya kuma rasu a Alƙahira a 1406, ya ba da labari a cikin Muƙaddimarsa cewa ɗaliban Magrib sukan yi shekaru a majalisin ilimi suna zaune shiru, ba muhawara, ba munazara, himmarsu duk tana ga hadda, har aka ƙayyade musu shekara 16 a madarasa alhali a Tunis shekara 5 ta wadatar; dalilinsa kuwa shi ne malaka, wato ƙwarewar da take zama jiki, ba ta samuwa sai harshen ɗalibi ya motsa da mas'alar da kansa. Ya kuma yi nasiha da a bi da ɗalibi sannu a hankali, a ratsa fanni sau uku, da farko a taƙaice gwargwadon hankalinsa, sannan da sharhi, sannan a warware duk abin da ya rage na mushkila. Wannan shi ne tadriji, kuma ba ya yiwuwa ga malamin da bai san matakin da ɗalibinsa yake ba.

To, me malami zai yi gobe da safe, ba tare da jiran gwamnati ta gina sababbin azuzuwa ba?

Ya fara da gyara tambayarsa. "Kun gane?" ba tambaya ba ce, gaisuwa ce, amsarta kuma sananniya. Haka nan in ya ce "Wa zai faɗa mana?", yatsu biyar ɗin nan na kullum ne za su tashi da "Malam ni, Malam ni!", sauran su lafe. Abin da ya fi shi ne ya jefa tambaya ga kowa, ya hana ɗaga hannu, ya yi shiru, sannan ya kira suna. Shirun nan yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta ɗauki muryoyin darussa masu yawa ta auna, ta kuma bayyana a 1972 cewa galibin malamai ba sa jira fiye da daƙiƙa guda bayan tambaya kafin su maimaita, ko su juya ga wani, ko su amsa da kansu. Da aka horar da su suka riƙa jiran daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, masu cewa ba su sani ba suka ragu, yaran da aka ɗauka kurame ne suka fara magana. Ku gwada ƙirga uku a zuci a gaban aji, za ku ji tsawonta.

Sannan ya mayar wa kowane yaro allonsa, ko da ɓallin katako ne da guntun alli, ko bayan littafi. A ce an ba da lissafi, a ɗebe 17 daga 52, kowa ya rubuta, in malam ya ce "A ɗaga!" a ɗaga gaba ɗaya. Cikin ƙiftawar ido zai ga aji duka. Zai ga masu 35, waɗanda suka dace, zai kuma ga jama'a masu yawa da 45, kuma a nan ne aikin malanta yake, domin 45 ba shirme ba ne: yaron ya dubi 2 da 7, ya ga ba a ɗebe babba daga ƙarami, sai ya juya su ya sami 5, ya ɗebe 1 daga 5 ya sami 4. Yana da ƙa'ida, ƙa'idar ce gurguwa. Jan biro da gicciye ba za su warkar da shi ba. Abin da zai warkar da shi shi ne a kawo tsinken tsintsiya ɗauri biyar na goma-goma da guda biyu a warwatse, a ce ya ba da bakwai, har ya gano da hannunsa cewa tilas ya kwance ɗauri guda. Wanda ya kwance ɗaurin nan sau ɗaya ya san ma'anar aro har abada.

A fannin karatu kuwa, ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da wata hanya wadda aka gwada a Borno da Kano, wadda duk wanda ya yi allo zai gane ta da gani: a zaunar da yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, a duba ko yana gane baƙi, ko kalma, ko sakin layi, ko cikakken labari, sannan a ware wani lokaci kullum a haɗa yara bisa matakinsu maimakon ajinsu, a kuma sake aunawa bayan 'yan makonni domin wanda ya ci gaba ya haura. Manyan yara masu karatu su zama gardawan ƙanana. Ina kuma ganin wajibi ne a yi wannan da harshen da yaro yake mafarki da shi, kamar yadda manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanada ga shekarun farko, kuma kamar yadda gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970 ya nuna, inda yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su gaza tsaransu ba ko a Turancin kansa.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba in bulala tana tsakani, domin yaron da ya san kuskure duka yake jawowa ba zai ɗaga allonsa ba sai ya leƙi na maƙwabcinsa. Ibn Khaldun ya yi gargaɗi cewa tsanani yana gadar wa ɗalibi kasala da ƙarya da makirci, shi kuwa Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a 870, tun a littafinsa na ladubban malamai ya iyakance duka ga bulala uku. Mu da muke alfahari da mazhabarsu, ya kamata a ce mun fi haka sauƙin hannu.

Kalmata ta ƙarshe ga hedimastoci da sufetoci take, domin malami yana bin abin da ake dubawa ne. Muddin sufeto zai zo ya buɗe littafin tsara darasi, ya ga an sa hannu, ya tambayi ko an ƙare manhajar zango, ya sha ruwa ya tafi, to malami zai ci gaba da gudu domin ya ƙure manhaja ko da ya bar aji a baya. Ina ba da shawara cewa in kun shiga aji, ku karɓi rajista, ku zaɓi suna biyar da kanku daga wurare dabam-dabam, ku fita da su gindin bishiya ɗaya bayan ɗaya, ku miƙa wa kowanne gajeren labarin da bai taɓa gani ba, ku rubuta matakin da ya tsaya, ku bar wa malamin kwafi; in kun dawo a zango na gaba ku nemi waɗannan biyar ɗin da wasu biyar sababbi.