Ciwon da Ke Jikinmu da Gangar Yaƙin da Ake Bugawa

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan reshe na Ƙungiyar Malamai ta Najeriya, a unguwar Yakasai cikin birnin Kano, a tsakiyar watan Agusta na 2023



Mun taru yau a kan batun lafiyarmu, amma ba za mu iya rufe kunne daga gangar yaƙin da ake bugawa a Abuja ba, domin abubuwan biyu a aljihu ɗaya suke haɗuwa, kuma a gida ɗaya suke kwana.

Bari mu fara da jikinmu. Da yawa daga cikinmu mun haura shekara arba'in da biyar. Mun sha ƙurar alli har murya ta dushe, mun tsaya a gaban aji mai ɗalibai fiye da ɗari daga safe har azahar, gwiwa da baya sun fara kai ƙara. Akwai waɗanda likita ya ce musu suna da hawan jini, akwai masu ciwon suga, akwai masu gyambon ciki. Wasunmu kuwa ba mu san matsayinmu ba, saboda muna tsoron a auna mu a ce ga magani na kullum, alhali albashi ba ya kai mu ashirin ga wata. Mun san malamin da yake raba ƙwayar maganin hawan jini biyu domin ta kai shi ƙarshen wata. Mun san malamar da ta bar shan nata domin ta saya wa 'yarta na zazzaɓi. Ba za mu kama suna ba, kowa ya san kansa.

Ga kuma mashaƙo, wanda ya ɓulla a Kano tun ƙarshen shekarar 2022, kuma jiharmu ce ta fi kowace jiha a ƙasar nan yawan waɗanda suka kamu. Cuta ce da ta fi kama yara 'yan makaranta, tana toshe maƙogwaro, tana yaɗuwa ta tari da atishawa. Idan aka koma makaranta, mu ne za mu zauna da waɗannan yara a ɗaki ɗaya, mu kuma koma gida mu rungumi namu.

A cikin wannan hali ne, ranar 29 ga Mayu, sabon shugaban ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na rantsuwa. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 600 kafin ƙarshen Yuli. Aka saki darajar naira a watan Yuni, kuma da yake yawancin magungunanmu ko dai daga waje ake shigo da su ko kuma da kayan waje ake haɗa su, sai farashinsu ya bi dala. Kuɗin Adaidaita Sahu zuwa asibiti ya ninka, mudun shinkafa a Kasuwar Rimi ya tashi, albashi kuwa yana nan inda yake.

Ba mu gama farfaɗowa daga wannan ba, sai sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. Ranar 30 ga wata shugabannin ƙungiyar ECOWAS, ƙarƙashin jagorancin shugabanmu, suka ba su wa'adin kwana bakwai tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da Najeriya ke ba su, wadda ita ce mafi yawan abin da suke amfani da shi. Ranar 10 ga Agusta kuma aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana.

Mu faɗa a fili, ba ma goyon bayan juyin mulki. Mafi yawanmu mun yi karatu ko mun fara aiki a ƙarƙashin mulkin soja, mun san ɗacinsa. Amma ƙin juyin mulki daban, yarda a kai yaƙi gidan ɗan'uwa daban. Jihohi bakwai ne suka yi iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, a kan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500. Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi. A nan cikin ganuwa muna da unguwar Agadasawa, sunanta kaɗai ya isa shaida cewa zumuncinmu da mutanen can ya girmi iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata. Akwai a cikinmu masu kakanni a Damagaram, masu surukai a Maraɗi. Harsashin da za a harba can, a gidajenmu za a yi zaman makokinsa.

Mu malamai ne, aikinmu tuna wa mutane darasi. A 2011 ƙasashen NATO suka yi wa Libiya ruwan bama-bamai da sunan ceto. Gaddafi ya faɗi, makamansa suka bazu a Sahel, arewacin Mali ya kama da wuta a 2012, har yau ba a kashe ta ba. A Sudan yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun bana, sai da aka kwaso 'ya'yanmu ɗalibai daga Khartoum, cikinsu har da masu karatun likita, suka dawo da karatu a rataye. Yaƙin Rasha da Ukraine, duk da nisansa, ya same mu a farashin burodi da takin zamani. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mu kuma tuna cewa idan aka yanke wa gari wuta, ba fadar shugaban ƙasa ce ke kwana a duhu ba. Ɗakin haihuwa ne, da firjin da ake ajiye allurar rigakafi da allurar masu ciwon suga. Malamin firamare na Maraɗi mai hawan jini ɗan'uwanmu ne a sana'a da kuma ciwo.

Ga shugabanninmu muna cewa: a 2001, a Abujan nan, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta cika wannan alkawari ba. Idan akwai kuɗin ɗaukar runduna zuwa Yamai, to akwai kuɗin rigakafin mashaƙo, akwai na magani a asibitocinmu, akwai na ceto 'yan'uwanmu na Zamfara da Katsina daga hannun 'yan bindiga. Muna yaba wa Majalisar Dattawa da ta ƙi amincewa da matakin soja ranar 5 ga Agusta, kuma sashe na 5 na tsarin mulki ya hana tura sojojinmu fagen fama a wajen ƙasa ba tare da yardarta ba. Muna yaba wa Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi da tawagar malaman addini da suka bi hanyar sulhu. A bar wannan ƙofa a buɗe.

Ga kanmu kuma, akwai abin da ba sai mun jira kowa ba. Kowa ya je a auna jininsa kafin hutu ya ƙare. Idan awo ya yi ta kai wa 140 bisa 90 ko sama da haka, a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ciwon kai ya lafa, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya yi ɓarna. A rage gishiri da sinadarin ɗanɗano a tukunya. A duba katin rigakafin yara, a kai wanda bai cika ba. Duk yaron da aka ji da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kumburin wuya, a garzaya da shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Muna kuma ba reshe shawara biyu. A sayi na'urar awon jini a ajiye, a riƙa auna kowa a duk taron wata, a kuma buɗe ɗan asusun taimako domin kada wani ya sake raba ƙwayar magani biyu. Sannan a rubuta wa sanatanmu da ɗan majalisarmu takarda mai sa hannun kowa, a shaida musu cewa malaman Yakasai ba su yarda a yaƙi Nijar da sunansu ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryi shugabanninmu, Ya zaunar da Najeriya da Nijar lafiya.