Jawabin Ƙaddamar da Aikin Bin Sawun Waɗanda Ambaliya ta Shafa, a Jalingo

  

Duk wanda ya yi wayo a garin nan bai manta da watan Agusta na 2005 ba, sa'ad da ruwa ya cika ya batse, gadar Nukkai ta karye da bayin Allah a kanta. Haka kuma mutanen Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi ba su manta da daminar 2012 ba, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, Binuwai ta haura gaɓa ta shanye gonaki. A kowane karo hukuma ta ƙirga mamata da gidajen da suka rushe, ta raba shinkafa da tabarmi, kana aka rufe littafi tun laka ba ta bushe ba.

To, a ganina nan ne lissafin ya gaza, domin musiba ba ta janyewa tare da ruwa. Manomin da yashi ya binne masa fadama, ya sayar da shanun noma don ya ci da iyali, sa'an nan ya ci bashin iri da bai gama biya ba bayan damina uku. Da matar da ta fita takaba ta tarar babu jari, ta cire ɗiyarta daga makaranta ta ɗora mata talla. Da dattijon da har yau barci ke ƙaurace masa in hadari ya haɗo: waɗannan duka ba su shiga ƙididdigar farko ba, alhali kuwa su ne ainihin ɓarnar. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya jinkirta karɓar zakka a Shekarar Toka, wato shekarar fari da yunwa, saboda ya san halin da talakawansa ke ciki gida-gida.

Don haka, ku matasan da za ku shiga unguwannin bakin kogin Lamurde da na Mayo Gwoi don bin sawun irin waɗannan mutane, amana ce kuka ɗauka, kuma abin da kuka rubuta shaida ce. Ku yi sallama, ku zauna, ku tambayi rijiya da rumbu da bashi da karatun yara, ku bar mata su yi magana da bakinsu, sa'an nan ku koma gidajen nan dai baɗi da baɗin baɗaɗa.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan aiki. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci.