Tsofaffin Sojojinmu da Sunayen da Magatakarda Ya Ɓatar

 

Kowace ranar 28 ga Fabrairu ana ajiye furanni a Osu da ke Accra domin Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, tsofaffin sojojin da aka harbe a 1948 suna hanyar kai kukansu ga gwamna. Sun cancanta, kuma labarin kun san shi. Abin da nake jayayya da abokan aikina masana tarihi a kai shi ne: ina mutanen Arewa, alhali su ne suka cika sahun rundunar Gold Coast?

Sukan ce mini in je in duba takardun soja. To, mu duba. Mutumin da aka yarda shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a ƙasar Togo cikin Agusta 1914, an rubuta shi Alhaji Grunshi. Grunshi ba sunan mahaifinsa ba ne, sunan ƙabila ne. Haka magatakardan bariki ya yi wa dubban mutane: wannan Dagomba, wancan Frafra, wancan Moshi, wancan Kanjarga. Saurayi ya bar ƙauyensu da sunan ubansa da na kakansa, ya isa gaban tebur, a ba shi lamba da sunan ƙabila, a koya masa umarni da Hausa, shi ke nan. Yau jikansa ya je neman fayil, wane Musa Dagomba zai nema cikin ɗimbin masu wannan suna? Barikin Kamina da ke nan Tamale sunan tashar wayar iskar Jamusawa ta Togo ya ɗauka. Na Myohaung a Takoradi sunan fagen fama ne a ƙasar Bama, inda aka gwabza a Janairu 1945. Wurare sun samu sunayensu daidai, mutanen da suka zub da jini a wuraren ba su samu ba. Wanda ya dogara da takardun nan kaɗai, idon magatakarda ya ara.

Dattijon da muka taru dominsa, Allah ya jiƙansa, mutanen Kalpohin sun san shi. Ya dawo daga Bama bai tarar da abin da aka yi musu alkawari ba. Da dare yana gadi, da asuba ya ɗaura fartanya a bayan keke ya nufi gonar doya da masara. Lambobin yabonsa suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado, tare da rasiɗan kuɗin makarantar 'ya'yansa, maza da mata, don bai bambanta su ba. Sai Nuwamba, watan tunawa da sojoji, ta kama yake zuba garwashi a dutsen guga ya goge kakinsa. Wannan rabin rayuwar tasa, wadda ta fi ta fagen daga tsawo da wuya, ba ta cikin kowane fayil.

Wasu na cewa ai Turawan mulkin mallaka suka yi wa yaƙi, me za a tuna? Ba su suka zaɓi yaƙin ba, da yawansu ta hannun sarakuna aka kai su. Wannan ya isa amsa.

Na daɗe ina faɗa, zan maimaita. Jami'ar UDS ta tura ɗalibai gida-gida a Kalpohin da Zango da Sakasaka, su ɗauki muryar matan da mazajen suka bari da 'ya'yansu, da Dagbanci da Hausa, a haɗa lambar soja da sunan gaskiya na mutum da na ƙauyensu. Hukumar tsofaffin sojoji ta VAG, wadda dokar 2012 ta kafa, ta buɗe wa iyalai rajistarta ba tare da an sa tsohuwa hawan mota zuwa Accra ba. Majalisar birni kuma ta ba da bango guda a rubuta sunayen. Matan nan sun tsufa, a fara da su kafin damina.