Jawabi a kan Ɓacin Ruwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku saurara mini.

Mun karanta cikin Ishmawi, ana duban ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan hukuncin alwala ne da wanka. Amma wajen sha, ku sani akwai ruwan da za ka gan shi garau, alhali cuta na cikinsa.

Mutum ya haƙa masai dab da rijiya, damina ta sauka, najasa ta tsatsafa ta ƙarƙashin ƙasa, sai amai da gudawa su shiga gida. Yara su yi fitsari a kududdufi, wasu su yi iyo ciki, tsargiya ke nan.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne guba. A Zamfara, shekarar 2010, masu neman zinariya suna niƙa duwatsu cikin gidaje, suna wankewa a tafki. Dalma ta game ƙasa da ruwa, yara fiye da 400 suka rasu. Tafasawa tana kashe ƙwayar kwalara, amma dalma, ko ruwan ya kwana bisa wuta, tana nan.

Wassalamu.