Amsar Wasiƙunku: Babur Ya Ƙi Tashi, Sai "Ƙas" Kawai

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi mai sayar da albasa. Ya ce yana da tsohon babur Honda da ya gada wajen wansa. In ya danna sitata sai ya ji "ƙas" sau ɗaya, shi ke nan. Ya sayi sabon batir, bai yi kwana goma ba ya mutu. Yanzu makanike ya ce a sayo sabuwar sitata, ga kuma kasuwa ba ta jira. Yana tambaya, ya saya ko kuwa?

To Malam, kada ka saya tukuna. Wuta a jikin babur kamar ruwa ce a lambatun fadama: in ba ta kai ƙarshen gona ba, daga bakin rijiya ake fara bi, har a ga inda ta tsaya.

Fara da kunne. Kunna makulli, ka danna hon. In hon ya yi ƙara sosai, sannan ka danna sitata ka ji shiru, ko "ƙas" ɗin ma babu, to ka dubi maɓallin da ke hannu, ƙura da tsatsa kan toshe shi. In kuwa hon ɗin da ƙyar yake fita kamar ɗan akuya mai mura, batir ba shi da ƙarfi, ko kuma wutarsa ba ta samun hanya.

Wannan "ƙas" da kake ji, ƙarar wani ɗan gwangwani ne da ke kusa da batir, mai manyan wayoyi biyu, wanda ake kira solenoyid. Aikinsa buɗe wa babbar wuta ƙofa zuwa sitata. Shi wuta kaɗan ta ishe shi ya motsa, amma sitata tana jan wuta mai yawan gaske. Saboda haka waya mai sako-sako ko mai tsatsa za ta iya kunna fitila, ta motsa solenoyid, amma ta kasa juya inji. A nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi.

Kwance kawunan batir, ka fara da mai alamar ragewa. In ka ga farin gari ko kore a kansu, wanke da ruwan zafi, ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris. Sannan ka bi wayar nan mai kauri da ta tashi daga batir ta ɗaure a jikin ƙarfen babur ko inji. Ita ake mantawa da ita, alhali duk wutar da ta fita ta nan take komowa. Babur ɗin da ya sha damina ashirin yana ratsa laka, sau da yawa ciwonsa a wannan ƙusar yake.

In an yi haka bai tashi ba, sa giya a firi, ka ɗora babur kan ƙafarsa ta tsakiya, ka nisanta galan ɗin fetur. Makanike ya haɗa manyan ƙusoshin solenoyid biyu da sukudireba na ɗan lokaci. Sitata ta juya? To lafiyarta lau, solenoyid ne ya ƙone a ciki. Ba ta juya ba, ga batir da ƙarfi? Sai a buɗe ta. Akasari gawayin da ke cikinta ne ya cinye, shi kuwa ana sake shi da kuɗi kaɗan. Kuma kada ka riƙa danna ta fiye da daƙiƙa 5 a jere, zafi ke kashe ta.

Yanzu maganar batirin da ya mutu cikin kwana goma, wadda ita ta fi damuna. Sabon batir ba ya mutuwa haka kawai. Ko babur ɗin ba ya yi masa caji, ko akwai inda wuta ke zurara. Nemi mai gyaran rediyo ko makanike mai mita. Batir mai volt 12 in ya cika yakan nuna kusan 12.6, mai volt 6 kuma 6.3. Tofa, ka duba abin da aka rubuta a jikin naka, domin tsofaffin babura da yawa volt 6 ne. A tayar da inji da kik, a ɗan ba shi wuta. Mai volt 12 ya kamata ya hau zuwa 13.5 ko 14.5, mai volt 6 zuwa wajen 7. In allura ba ta motsa ba, a dubi rektifaya da kwayil ɗin caji. Ko batir goma ka saya, haka za su bi juna. In caji na nan, a bi wayoyi ƙarƙashin tanki da kujera. Mai ajiye babur kusa da rumbu ya san ɓera ba ya raina robar waya.

Wani zai ce ai shi nasa babu batir ma yana tashi. Gaskiya ne. Irin su CG125 na farko, wanda Honda ta fito da shi a 1975, daga juyawar inji suke samun wutar fulogi. Amma masu silinda biyu irin CD175 da batir suka dogara. In ya mutu murus, sai ka yi ta buga kik har ƙafa ta kumbura. A irin waɗannan tsofaffi, a duba kwantak ma: a goge shi, buɗewarsa ta zama milimita 0.3 zuwa 0.4, ta fulogi kuma 0.6 zuwa 0.7.

Abu biyu nake roƙo. Fis in ya ƙone, kada a naɗa masa takardar kwalin taba ko guntun waya. Ya ƙone ne don kada babur ya ƙone. Ruwan batir kuma in ya ja baya, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ba.

Malam, a gwada waɗannan kafin ranar kasuwa, a rubuto mana abin da aka gani. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.